Wasiyyar Codrington: ba a rabon gado kafin a biya bashi

Tun da ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, USPG, ta yi alƙawari a 2023 cewa za ta kashe fam miliyan 7 a yankin gonakin Codrington da ke tsibirin Barbados na Caribbean, wasu ke ta yabonta kamar magana ta ƙare. Wannan yabo yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Christopher Codrington, tsohon gwamnan tsibiran Leeward, ya mutu a Barbados a 1710. A wasiyyarsa ya bar wa wannan ƙungiya gonakinsa biyu na rake, da sharaɗin kada bayin da ke aiki a cikinsu su gaza 300. Ya kuma bar wa kwalejin All Souls ta Oxford fam 10,000 don ɗakin karatu. Saboda haka ake kiransa mai kyauta. Kyautar me? 'Ya'yan mutane ne da aka kwaso daga Afirka ya ba da su kamar garken shanu.

Ƙungiyar kuwa ta karɓa hannu biyu. Ta riƙe bayin fiye da shekara 120, har akwai lokacin da ake ɗora musu lalas a ƙirji da sunanta. Da Ingila ta yi dokar hana bauta a 1833, ita aka biya diyya, sama da fam 8,000 kan mutane fiye da 400. Waɗanda suka yi noman ko anini ba su gani ba.

A wajenmu ko yaro ya san ba a taɓa gadon mamaci sai an sauke bashin da ke kansa. Bashin Codrington shi ne gumin mutanen da suka yanka masa rake har suka mutu. Ba a sauke shi a 1710 ba, aka raba dukiya, coci da jami'a suka ci moriyarta shekara 300. Yanzu kuma wanda ake bi bashin ne ya yanke nawa zai biya, da kuma shekarun da zai ɗauka yana biya. Ina aka taɓa yin haka?

Masu cewa mutumin zamaninsa ne sun manta cewa bayin ma a zamanin suka rayu, kuma sun san zalunci ake yi musu.

Cocin Ingila ta nemi afuwa a 2006. All Souls ta cire sunansa daga ɗakin karatun a 2020, amma ta bar mutum-mutuminsa tsaye a ciki. Duk wannan bai taɓa ainihin dukiyar ba. A buɗe littattafan lissafin gonakin, a zauna da jikokin bayin da ƙasashen CARICOM, wato ƙungiyar ƙasashen yankin Caribbean, su ne za su faɗi abin da suke bi. Gwamnatin Birtaniya ma kada a ƙyale ta, don a taron Commonwealth na Samoa a 2024 Keir Starmer, firaministan Birtaniya a lokacin, ya nuna ƙarara cewa ba shi da niyyar biyan ko kwabo.