Sulhun da Ake Yi da Yaren da Mai Kuka Ba Ya Ji

Akwai maganar da nake yawan ji idan ana zancen ƙasashen da rikici ya ɗaiɗaita, wai da a ce kowa yare ɗaya yake yi da an zauna lafiya. Ni dai ban yarda ba, kuma abin yana damuna.

Ku dubi Ruwanda. Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke yi, Kinyarwanda, amma a 1994 cikin kwana ɗari aka kashe mutum wajen 800,000. Da harshen da uwa take lallashin jaririnta da shi, da shi gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran Tutsi "inyenzi", wato kyankyasai. Mutumin da ya shafe watanni yana jin ana kiran maƙwabcinsa kyankyaso, ranar da aka miƙa masa adda hannunsa ba zai yi rawa ba. Somaliya ma kusan kowa yare ɗaya yake ji, ga shi tun 1991 ba ta samu cikakkiyar natsuwa ba.

Abin da ke hura wuta shi ne a mayar da mutum kurma a ƙasarsa. A 1956 majalisar Siri Lanka ta ce Sinhala kaɗai ne harshen hukuma. Ma'aikacin gwamnati ɗan ƙabilar Tamil ya wayi gari sai ya koyi yaren wasu kafin aikinsa ya ɗore. Sai 1987 aka amince da Tamil a matsayin harshen hukuma, bayan yaƙi ya riga ya ɓarke a 1983, kuma bai ƙare ba sai 2009. A Kamaru ma, lauyoyi da malaman makaranta ne suka fara fitowa a 2016 a yankunan da ke amfani da Ingilishi, suna ƙorafin ana turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci. Ƙorafi ne da za a iya zama a warware shi. Aka amsa musu da kulki da kame, yau ga ƙauyuka a ƙone, yara sun yi shekaru ba makaranta.

Inda na fi so mu tsaya mu yi tunani shi ne wurin zaman sulhun kansa. Ana tara manya a otal a wata ƙasa, a rubuta yarjejeniya da Turanci ko Faransanci, a sa hannu, a ɗauki hoto. Matar da aka kashe wa miji fa, wa ya karanta mata? Ta yaya za ta riƙe alkawarin da ba ta taɓa ji da kunnenta ba?

Shi ya sa nake ganin girman abin da Afirka ta Kudu ta yi. Da hukumar gaskiya da sasantawa, wadda ta binciki zaluncin zamanin wariyar launin fata, ta fara sauraron jama'a a 1996 ƙarƙashin Desmond Tutu, an bar kowa ya yi magana da yarensa, ko Zulu ne ko Kosa ko Afirkans. Tafintoci suna zaune gefe suna fassarawa nan take, kuma da bakin mai maganar suke yi: idan uwa ta ce na ga gawar ɗana, tafinta ma "na gani" zai ce. Idan wanda ya yi kisan yana zaune, maganar tana shiga kunnensa ba ragi. Ruwanda ma daga baya, da Kinyarwandan nan da aka zuga mutane da shi aka yi kotunan gargajiya da ake kira gacaca a fili gaban jama'a, aka saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012. Suna da nasu kurakuran, ban musa ba, amma kowa ya ji abin da aka faɗa.

Ina roƙon masu shirya zaman sulhu, don Allah ku daina ɗaukar tafinta a matsayin ɗan cike gurbi da ake nemowa da safiyar taro. A horar da shi, a biya shi, a zaɓo wanda ɓangarorin biyu suka aminta da shi. Na taɓa zama a irin wannan taro, wata tsohuwa ta miƙe ta yi wajen minti goma tana magana, muryarta na rawa, tana lissafo sunaye da yatsunta. Da ta zauna, tafinta ya juya ga manyan baƙi ya ce, "Ta ce sun sha wahala sosai." Suka gyaɗa kai, suka rubuta, aka kira na gaba. Sunaye shida na ƙirga, ko ɗaya bai shiga takardar ba.