Ta Talabijin ko Ta Hannu: Inda Na Tsaya a Musun Na'urorin Wasan Bidiyo

Duk lokacin da masoya wasannin bidiyo suka fara musu kan wace na'ura ce ta fi, ba a jimawa maganar take komawa kan ƙarfi: wacce ce ke fitar da hoto mafi kaifi, wacce ce ke buɗe wasa nan take, wacce ce injinta ya fi gudu. Idan da wannan ma'auni za a yanke hukunci, to babu abin tattaunawa, domin manyan na'urorin talabijin, PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a watan Nuwamban 2020, sun yi wa kowace na'urar hannu fintinkau. Sai dai ni ban yarda cewa ƙarfi ne ya kamata a fara dubawa ba. A ganina, ga wanda aiki da hidimar iyali suka cinye masa mafi yawan yininsa, na'urar hannu ta fi amfani, saboda ita ce zai riƙa kunnawa a kai a kai, yayin da babbar take zaune a ƙarƙashin talabijin tana jiran ranar da zai samu sarari.

Tarihin wannan harka yana goyon bayana, kuma ya yi hakan fiye da sau ɗaya. A shekarar 1989 kamfanin Nintendo ya fitar da Game Boy, wadda injiniyansa Gunpei Yokoi ya jagoranci ƙerawa. Fuskarta ba ta da launuka, ba ta kuma da haske na kanta, sai mutum ya nemi wuri mai haske kafin ya ga abin da yake yi. A shekarar ne Atari ya kawo Lynx mai launi, sannan a 1990 Sega ya biyo da Game Gear, ita ma mai launi da haske. A takarda, duka biyun sun fi Game Boy nesa ba kusa ba. Amma Game Gear tana cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i kaɗan, ita kuwa Game Boy da batir huɗu take kai mutum nesa, ga rahusa, ga juriya idan ta faɗi, ga kuma Tetris, wasan da za a iya yi na minti biyar a ajiye ba tare da an rasa komai ba. Sakamakon ya fito ƙarara: Game Boy tare da ƙanwarta Game Boy Color an sayar da su fiye da miliyan 118, Game Gear kuwa ta tsaya a wajen miliyan 10. Yokoi ya yi imani da ɗaukar fasahar da ta riga ta tsufa ta yi arha a yi mata sabon amfani, kuma har yau wannan tunani nasa ne ke tafiyar da mafi yawan abin da Nintendo ke ƙerawa.

Haka aka sake yi a 2004, lokacin da Nintendo DS da PSP ta Sony suka fito kusan a tare. PSP kyakkyawar na'ura ce, kuma ina cikin masu ganin ba a yaba mata yadda ya kamata ba, domin sayar da kusan miliyan 80 ba ƙaramin abu ba ne, kuma a Japan wasan Monster Hunter ya sa matasa suna taruwa kowa da tasa suna farauta tare. Duk da haka DS, mai rauni a inji amma mai fuska biyu da alƙalamin taɓawa, ta kai miliyan 154. Magajiyar PSP, wato Vita ta 2011, ta zo da fuska mai ban sha'awa, amma katin ajiyarta na musamman mai tsada da ƙarancin manyan wasanni daga Sony kansa suka hana ta tashi.

Dalilin da ya sa na'urar hannu ba za ta taɓa kamo ta talabijin a ƙarfi ba yana da sauƙin fahimta. PlayStation 5 tana jan wutar da ta kai kusan wat 200 yayin wasa, kuma girman jikinta kusan duka don fitar da zafi aka yi shi. Injin Steam Deck kuwa, na'urar hannu ta kamfanin Valve, iyakarsa wat 15 ne, saboda batir ne ke ciyar da shi kuma tafin hannun mutum ne ke riƙe da zafinsa. Abin mamaki a wurina shi ne yawan abin da ake iya yi da wannan 'yar wuta. A 2019 aka kawo The Witcher 3 kan Switch, na'urar Nintendo da ake riƙewa a hannu, wasan da mutane da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba a kan injinta, Tegra X1 na kamfanin Nvidia, wanda asalinsa na kwamfutocin hannu ne. An rage kaifin hoto, an rage ciyayi da inuwa, amma labarin da faɗin duniyar wasan suna nan yadda suke. Wanda ya gama shi a kan Switch ya ji labarin da wanda ya gama shi a babbar na'ura ya ji, kuma wataƙila da ba a kan Switch ba ne, da bai kai ƙarshensa ba.

Wannan batu na kaiwa ƙarshe shi ne zuciyar maganata. Manyan wasannin yanzu suna neman sa'o'i hamsin, wasu ɗari, kuma babbar na'ura tana da sharuɗɗanta: sai an koma gida, sai talabijin ba kowa a kai, sai mutum yana da ragowar kuzarin zama a miƙe ya mai da hankali. Na'urar hannu ta rage waɗannan sharuɗɗa zuwa danna maɓalli ɗaya. Ka danna, ta yi barci a daidai inda kake, ko da tsakiyar faɗa ne. Ka sake dannawa bayan kwana biyu, ka ci gaba daga wurin. Na san Xbox tana da Quick Resume, wanda ke riƙe wasanni da dama a inda aka bar su, kuma abu ne mai kyau ƙwarai, amma har yanzu sai ka je inda na'urar take. Minti ashirin na jiran wani abu, ko rabin sa'a kafin barci, idan aka tara su cikin 'yan watanni suna gama wasa sukutum. Da sannu a haka na ga ƙarshen wasannin da na daɗe da saya na ajiye.

Ba zan ɓoye abin da ake rasawa ba, domin ina son manyan na'urorin nan, kuma akwai abin da su kaɗai ke bayarwa. Akwai wasannin da aka gina su don babbar fuska da sauti mai cika ɗaki, waɗanda idan aka matse su a fuska mai inci 7 sai kwarjininsu ya ragu. Madannin DualSense na PlayStation 5, wanda ke sauya taurinsa a ƙarƙashin yatsa gwargwadon abin da ake yi a wasan, yana sa ka ji bambancin jan baka da taka burki, kuma babu na'urar hannun da ta ba ni irin wannan. Sannan akwai zama tare. Mutum huɗu a gaban talabijin ɗaya suna wasan ƙwallo ko tseren mota, ana ihu ana musu ana karɓar madanni bi da bi, wannan daɗi ne da na'urar hannu ba ta iya kawowa ita kaɗai, domin a ɗabi'arta ta mutum ɗaya ce. Mai gasa ta intanet shi ma, wanda ƙiftawar ido ke raba shi da nasara, yana da hujjar zama kan babbar na'ura.

Na'urorin hannun su ma suna da aibinsu. Steam Deck, wadda Valve ya fitar a Fabrairun 2022, tana da nauyin da ke gajiyar da wuyan hannu idan zama ya yi tsawo, kuma manyan wasanni na iya shanye batirinta cikin ƙasa da sa'a biyu. Rubutun da aka tsara don talabijin yakan zama ƙanana har ido ya yi ciwo. Matsalar sandar Joy-Con, madannin Switch, wadda ke motsi da kanta ba a taɓa ta ba, ta kai har gaban kotu a Amurka. Su kuwa masu amfani da Windows, irin su ROG Ally ta 2023, suna da ƙarfi, amma sau da yawa sai mutum ya yi ta gyare-gyare irin na kwamfuta kafin wasa ya daidaita, alhali sauƙi ne ya kawo shi tun farko.

Abin da ya fi jan hankalina game da Steam Deck shi ne batun mallaka. Wasan da mutum ya saya a Steam, kantin wasannin kwamfuta na Valve, shekaru goma da suka wuce yana nan a rumbunsa, kuma da yawansu suna tashi a kanta ta hanyar manhajar Proton, wadda ke sa wasannin Windows su yi aiki a kan Linux, tsarin da Steam Deck ke gudana a kai. Wannan ya bambanta da abin da ya faru a Maris na 2023, lokacin da Nintendo ya rufe kantin intanet na na'urorinsa 3DS da Wii U, wasannin da babu su a kaset suka daina samuwa ga sabon mai saye. Duk wanda zai zaɓi na'ura yau ya kamata ya tambayi kansa ina wasanninsa za su kasance idan zamaninta ya wuce.

Kamfanonin da kansu sun ga inda jama'a suka karkata. Wii U ta 2012, wadda ta talabijin ce, ba ta kai miliyan 14 ba, amma Switch ta Maris na 2017, wadda ta haɗa hannu da talabijin a jiki ɗaya, ta wuce miliyan 150, kuma Switch 2 ta biyo ta a Yunin 2025 a kan tsari iri ɗaya. Sony ya fitar da PlayStation Portal a 2023, ko da yake ita ba ta ɗauke da wasa a cikinta, ta intanet take jawo hoton, don haka ban ƙirga ta cikin cikakkun na'urorin hannu ba. Microsoft kuma ya haɗa kai da ASUS suka fitar da ROG Xbox Ally a 2025.

Abin da nake nema daga masu ƙerawa yanzu abu uku ne kawai: batir mai jimawa ko da za a rage kaifin hoto, damar ƙara girman rubutu a kowane wasa, da batirin da mai na'ura zai iya canzawa da kansa idan ya mutu. Tarayyar Turai ta riga ta kafa dokar da za ta tilasta na ƙarshen daga 2027, kuma ina fatan kamfanonin za su yi wa kowa hakan a ko'ina, domin na'urar hannun da batirinta ya mutu ba a iya cirewa, sai dai ta zauna a jone da soket.