Jikan Sarkin Baka da Firizar da Ba Ta Ga Nama Ba

Laifin bakina ne, domin ni na shaida wa abokan aikina a birnin Hiyuston na Amurka cewa kakana sarkin baka ne, ban kuma ƙara musu da cewa ni ko zabuwa ban taɓa harbi ba. Ɗayansu ya ji haka ya gayyace ni jihar Kolorado farautar elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda namijinta kan kai kilo 300. Na amsa nan take, har da bugun ƙirji.

Abin da na fara saye shi ne firiza, irin doguwar nan mai kama da akwati, domin na lissafa cewa naman ba zai shiga firjin gida ba. Uwargida ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, ashe har an fara fiɗa?" Ban tanka mata ba. A daren nan kuma na buga waya gida na yi wa kawuna alkawarin kilishi.

Daga nan na shiga horo. An gaya mini cewa birnin Denba, babban birnin jihar Kolorado, shi kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, dabbobin kuma sama da haka suke kiwo, inda numfashi ke wahala, kuma duk wanda ya harbe ɗaya a bayansa zai ɗauko naman, domin doka ta hana barinsa ya lalace a daji. Saboda haka kullum bayan sallar asuba sai in goya buhun shinkafar gidan in yi ta hawa da sauka a matakalar bene, har ranar da ɗinkin ya ɓalle a hawa na uku, na shafe awa guda ina tsintar shinkafa a gaban maƙwabta.

Mafi muni shi ne bututun kira. A watan Satumba mazan elk kan yi wani kuka mai tsini don neman mata, maharba kuma kan kwaikwaye shi da bututu. Na saya, na shiga banɗaki ina gwaji cikin dare. Ban yi minti goma ba sai ga tsohuwar da ke ƙasanmu tana ƙwanƙwasa ƙofa a firgice, tana tambaya ko wani ne ba shi da lafiya. Na fito sanye da rigar farauta mai ruwan lemo, wadda doka ta wajabta wa masu bindiga don kada a ɗauke su dabba, na rasa ta inda zan fara bayani.

Sai a watan Yuli na zauna neman lasisi, a nan ne na gano cewa a yankin da abokina ya zaɓa da ƙuri'ar sa'a ake raba lasisin farauta, kuma an rufe karɓar takardu tun farkon Afrilu. Ko da ba a rufe ba, duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar kammala kwas na mafarauta, wanda ni ban ma san da shi ba.

Abokina ya tafi da wani. Firizar tana nan cike da kuɓewa da ganyen zogalen uwargida, kawu kuwa duk Juma'a sai ya kira ya tambaya ko kilishin bai gama bushewa ba.