Kafin a zagi yara kan gonar makaranta, a tambayi kuɗin da gwamnati ta saka

Tun jiya hoton gonar makarantar nan da ciyawa ta cinye yake yawo a kafafen sada zumunta, kuma maganganun da mutane ke rubutawa a ƙarƙashinsa sun fi hoton ɓata rai. Wai yaran yanzu ragwaye ne, wai malamin noma ba ya aikinsa. Haba jama'a! Da me zai yi aikin? Wa ya ba shi iri, wa ya ba shi taki? An damƙa wa mutum aji da alli, an ce ya koyar da noma, sannan a zo ana mamakin ciyawa. Duk gonar da ba a saka mata kuɗi ba haka take komawa, ta makaranta ce ko ta sarki.

A nan Filato ruwa yana sauka tun Afrilu. Makarantar da za ta koya wa yara noman dankalin turawa, abin da Bokkos da Mangu da Barikin Ladi suke ci da shi, dole irinta ya iso kafin ƙarshen Maris: mai girman ƙwan kaza, wanda ya fara tsiro. Hekta ɗaya tana cin kusan tan 2, wato ko rubu'in hekta aka ware ana maganar kilo 500. A ja kunya tazarar santimita 75, a bar santimita 30 tsakanin iri da iri, a sa taki, a yi huɗa a rufe gindi don kada rana ta taɓa 'ya'yan su yi kore. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da makonsa, idan ya wuce ya wuce.

Sai babbar matsalar, cutar nan mai ƙona ganye da ke zuwa da sanyi da yayyafi daga Yuni zuwa Agusta. Da baƙin tabo take farawa a bakin ganye, da sassafe ka juya bayansa ka ga farin abu kamar gari. Idan aka yi sake, cikin mako ɗaya ko biyu gonar ta yi baƙi ƙirin. Maganin kariya irin su mancozeb tun kafin ta bayyana ake fesa shi, duk kwana 7 zuwa 10, idan kuwa ta riga ta shiga sai an koma wa mai metalaxyl a ciki, wanda ya fi tsada. Yanzu ku gaya mini, kuɗin da aka saki a watan Satumba, idan ma an sake shi, wace gona zai ceta? Kuɗin noma da ya zo bayan damina ba shi da maraba da wanda bai zo ba.

Ga kuma abin da masu zagin yara ba su lissafa ba. Dogon hutu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da ruwa ya fi yawa, ciyawa ta fi tashi. Yara suna gida, malami ma yana hutu. Wa zai yi feshi? Wa zai yi maimai? Wa zai kori awakin unguwa tunda babu shinge? Gonar makaranta tana buƙatar ma'aikaci mai albashi da ke wurin wata goma sha biyu, da shinge, da rijiyar burtsatse don a yi noman rani na kabeji da karas lokacin da yaran suke makaranta. Wannan duk kuɗi ne, kuma na gwamnati ne.

Manhajar WAEC da kanta ta ce makarantar da ke koyar da noma ta kasance da gona da dabbobin kiwo. To mu ɗauki mafi sauƙi, 'yan tsaki 100 na kajin nama. A sanyin Jos dole ɗakinsu ya riƙe zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kusan 3 duk mako, in ba haka ba su taru a lungu su danne juna, gari ya waye a kwashe gawa. Kafin su kai sayarwa a mako na 7 ko na 8 za su ci kusan buhu 18 na abinci mai kilo 25. Ga rigakafin cututtukan kaji irin su Gumboro da Newcastle, wanda sai an ajiye shi cikin sanyi, a haɗa shi da ruwan da babu sinadarin kuloran, kajin su sha shi cikin awa biyu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924 tana yin rigakafi, a Kuru ana binciken dankali, a Garkawa akwai kwalejin noma, amma yaro zai gama sakandare a wannan jihar bai taɓa riƙe injin feshi ba. Wallahi wannan abin kunya ne gare mu.

Na san za a ce babu kuɗi. A 2003 shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawari a Maputo, babban birnin Mozambik, cewa kashi 10 na kasafin kowace ƙasa zai tafi noma. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don firamare da ƙaramar sakandare, jiha ta kawo nata kason ta karɓa. Hanyar kuɗi tana nan, niyya ce ta yi ƙaranci. Masu cewa iyaye su haɗa kuwa, uban da ke fama da kuɗin littafi ba shi zai sayi tan na iri ba, a bar wannan maganar. Masu cewa za a sace, to a rubuta shi layi daban a kasafi, a tura shi asusun makaranta kai tsaye a watan Fabrairu, a manna lissafin a bango kowa ya gani, abin da aka sayar na girbi ya koma sayen irin baɗi. Tsoron ɓarawo bai taɓa hana a gina aji ba, bai kamata ya hana a yi gona ba. 'Yan majalisar jiha, a teburinku maganar take.

Af, sannan malamai, don Allah ku daina hukunta yaro da gona. Ya makara, a ba shi fartanya. Ya yi surutu, a tura shi cire ciyawa cikin rana, 'yan ajinsu suna leƙensa ta taga. Shekara shida ana yi masa haka, sannan a kai shi zauren taro a ce masa ya rungumi noma. Ku sa shi shara ko ku kira iyayensa, amma ku cire gona daga cikin horo.