Rashin shan kaye ba shi ke sa ɗan dambe ya zama na ɗaya ba

Duk sanda aka buɗe musun waye gwanin gwanaye a damben zamani, sai ka ji wani ya jefo lissafin Floyd Mayweather: dambe 50, nasara 50, ko sau ɗaya ba a doke shi ba. Yana faɗa sai ya naɗe hannu, wai an rufe magana. Ni kam a wurina nan ma aka fara ta.

Kada a ce ina raina mutumin. Wajen kare kai da goce wa naushi, da wuya a sami kamarsa. Ya doke Oscar De La Hoya a 2007, ya koya wa Canelo Alvarez karatu a 2013. Amma tun wajen 2009 duniya ke roƙon a haɗa shi da Manny Pacquiao, ba a yi ba sai 2015, lokacin Mayweather na da shekara 38, Pacquiao na da 36, kuma Juan Manuel Marquez ya riga ya shimfiɗe Pacquiao a sume a 2012. Laifin jinkirin na ɓangarorin biyu ne da masu shirya musu wasa, na yarda, amma abin da muka kalla saura ne. Nasararsa ta 50 kuwa, wadda ya zarce 49 ɗin Rocky Marciano da ita, a kan Conor McGregor ya same ta a 2017, mutumin da bai taɓa damben ƙwararru ba kafin ranar. Wannan ciniki ne, kuma ya ci riba, sai dai ba a auna jarumta da shi.

Ni tambayoyina biyu ne: da wa ka kara, yana cikin ganiyarsa ko ya fara lanƙwasa? Sannan da aka kayar da kai, me ka yi?

Ɗauki Muhammad Ali. An doke shi sau 5, wanda a ma'aunin masu son takarda fes zai sa ya koma baya. To amma dubi mutanen. Ya karɓe kambu a hannun Sonny Liston a 1964 lokacin da kowa ke tsoron Liston. A 1967 aka ƙwace kambun saboda ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam, ya yi shekara uku da rabi ba ya dambe, kuma shekarun da ƙafarsa ta fi sauri ke nan. Ya dawo, Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 ya kuma cinye shi da maki a 1971. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Duka biyun ya koma ya rama. Sai Kinshasa a 1974, inda George Foreman ya zo da nasara 40 ba faɗuwa, bayan ya yi wa Frazier da Norton kaca-kaca, kowannensu a turmi na biyu. Ali yana da shekara 32 ya jingina da igiya, ya bar shi ya yi ta jibga har ƙarfinsa ya ƙare, ya kwantar da shi a turmi na 8. Faɗuwarsa biyu ta ƙarshe, a hannun Larry Holmes a 1980 da Trevor Berbick a 1981, ba na ma lissafa masa su. Bai kamata a bar shi ya hau dandamali ba, kuma waɗanda suka bari su ke da abin kunyar.

Duk da haka ba Ali ne na ɗaya a wurina ba, Sugar Ray Robinson ne. Mutum ya yi dambe kusan 200. Jake LaMotta, wanda ya fi shi nauyi, ya fara kayar da shi a Fabrairun 1943, bayan mako uku kacal Robinson ya koma ya rama. Sau 6 suka haɗu, ya ci 5. A yau zakara kan yi dambe biyu a shekara, wani ma ɗaya, sauran watannin a sha cacar baki a intanet.

Mike Tyson fa? Nan ne ake jin haushina. Ya zama zakaran ajin masu nauyi yana ɗan shekara 20 a 1986, kuma babu wanda ya kai shi sa wa abokin karawa faɗuwar gaba tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Amma Buster Douglas ya tashi daga ƙasa ya doke shi a Tokyo a 1990, Evander Holyfield ya doke shi a 1996, a karo na biyu Tyson ya ciji kunnen Holyfield aka kore shi, Lennox Lewis ya gama da shi a 2002. Babu ko ɗaya da ya rama. Lewis kuwa, da mutane ba su cika ɗoki a kansa ba, Oliver McCall da Hasim Rahman ne kaɗai suka taɓa doke shi, kuma duka ya bi su ya karɓi bashinsa. Shi ya sa na ɗora Lewis a saman Tyson ba tare da wata-wata ba.

Masu cewa ai Tyson Fury da girman jikinsa zai murƙushe Joe Louis, wannan musu ne marar amfani. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, kuma Max Schmeling da ya doke shi a 1936 bai kai ƙarshen turmin farko ba da suka sake haɗuwa a 1938. Da mutanen zamaninsa za a auna shi.

Saboda haka nawa jerin: Robinson, sai Ali, sai Louis. Mayweather na cikin goman farko, amma can ƙasa-ƙasa. Cikin na baya-bayan nan, Oleksandr Usyk ne ya cika sharaɗina na farko: ya haɗe duk kambunan ajin da ke ƙasa da masu nauyi a 2018, ya hauro sama ya doke Anthony Joshua sau biyu da Fury sau biyu, dukkansu sun fi shi girma nesa ba kusa ba. Shi kam in kun sa shi a biyar ɗin farko na masu nauyi, ba zan yi musu da ku ba.