Mun gaji da gafara sa: ina jirgin ƙasan da aka yi mana alkawari?

Awa goma sha uku na yi a cikin mota ranar Alhamis ɗin da ta wuce, a tafiyar da ba ta kai kilomita 500 ba. Aikina yana wani birni, iyalina suna wani, kuma shekara tara ke nan ina wannan zirga-zirgar sau biyu a wata. Tun da asuba muka hallara a tasha, muka yi awa biyu muna jiran mota ta cika. Da muka kama hanya kuwa, gwiwoyina a manne suke da ƙarfen kujerar gaba, buhun wani a kan ƙafata. Taya ta fashe, muka sauka aka canja. Muna cewa Allah ya raba mu da wahala, sai ga tirela ta kife ta tare hanya baki ɗaya. Nan muka yi cirko-cirko awa uku, rana na dukanmu.

Wani dattijo ne a gefena, yana rungume da ambulan ɗin takardun asibiti. Ƙarfe huɗu na yamma likita ya ce ya zo, kuma wata uku ya yi yana jiran wannan ranar. Ƙafafunsa sun kumbura har sai da ya cire takalmi. A daidai inda muka maƙale akwai wani ƙaton allo a bakin titi, ɗauke da hoton farin jirgin ƙasa mai dogon hanci, an rubuta cewa tafiyar nan za ta koma awa biyu. Rana ta cinye launin hoton. A ƙarƙashinsa ginshiƙan kankare ne guda shida a tsaye cikin ciyawa, rodinsu ya yi tsatsa. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan jirgin tun ina da ƙarfina nake jin labarinsa." Na ce, "Baba, sai haƙuri." Wallahi da kalmar ta fita daga bakina sai da na ji kunya, don haƙurin nan shi ne abin da ake ta ɗura mana shekara da shekaru.

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Sau uku a iya sanina aka aza harsashin wannan layin dogo. Kowane sabon shugaba da nasa bikin, da nasa kwamitin, da nasa binciken da za a biya masana su sake yi daga farko, kamar duwatsu da kogunan da ke kan hanyar sun yi ƙaura. Sai a kwashe kujeru da rumfuna, motocin aiki su yi wata biyu suna tayar da ƙura, daga nan shiru kake ji.

Kada wani ya ce mana abin ya fi ƙarfin ɗan Adam. Tsakanin Tokyo da Osaka kilomita 515 ne, kusan daidai da wannan hanya da ke cin ranmu. Japan ta buɗe layin Shinkansen, wato jirginta mai tsananin gudu, a can ranar 1 ga Oktoba, 1964, shekara goma sha tara kacal bayan yaƙin da ya mayar da biranenta toka. Tafiyar da ke ɗaukar awa shida da rabi ta dawo awa huɗu, shekara guda bayan nan ta dawo awa uku da minti goma. Kuma ba a kan shimfiɗar alharini suka yi shi ba. Sai da suka ci bashin Bankin Duniya, kuɗin aikin ya kusa ninka abin da aka faɗa tun farko, har shugaban hukumar jiragen ƙasar, Shinji Sogo, ya bar kujerarsa kafin a buɗe layin. Abin da ya bambanta su da masu yi mana romon baka shi ne, da mutumin ya tafi aikin bai bi shi ba. An ci gaba da shimfiɗa ƙarfe har jirgi ya tashi. Faransa ta bi sahu a 1981 tsakanin Paris da Lyon. Sin ta fara a 2008, yau tana da fiye da kilomita 40,000. Maroko ta buɗe nata a 2018, tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka ta sauko daga awa huɗu da minti 45 zuwa awa biyu da minti goma. A 2018 ɗin dai Saudiyya ta buɗe layin Haramain tsakanin Makka da Madina, kusan kilomita 450 a cikin hamada.

Na san abin yana da wuya, ba ina magana da ka ba ne. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa ba ya iya wannan gudun a kan tsohon layi. Sabon layi yake so, miƙaƙƙe, wanda ko kwana zai yi sai an ba shi faɗin kilomitoci. Ba ya haɗa hanya da mota ko dabba, don haka duk inda titi ya gitta sai gada ko rami, kuma dole a killace layin da shinge daga farko har ƙarshe. Wutar lantarki yake sha daga wayar da ke samansa, wutar da ba ta ɗaukewa. Direbansa ma ba ya iya karanta alamar bakin hanya saboda gudu, sai na'ura ta nuna masa a gabansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne masu ciwo. Sannan ba ko'ina yake biyan kansa ba, sai tsakanin manyan birane masu yawan matafiya, waɗanda nisansu ya yi wa mota yawa, ya yi wa jirgin sama kaɗan. Duk wannan gaskiya ne. To me ya hana a tsaya a gabanmu a faɗa mana shi tun ranar farko?

Ƙaryar farko a kan kuɗi ake yin ta, kuma ita ke kashe aikin daga baya. A rage adadi don a samu amincewa, in an shiga tsakiyar kogi sai a ce kuɗi sun ƙare. Dubi Kalifoniya a Amurka, inda kuɗi ba baƙonsu ba ne. A 2008 masu zaɓe suka amince a ci bashin kusan dala biliyan goma don fara layin San Francisco zuwa Los Angeles, aka ce duka aikin zai ci wajen dala biliyan 33, jirgi zai fara tafiya a 2020. Yau ƙiyasin ya haura dala biliyan 100, kuma ko fasinja ɗaya bai hau ba. A Ingila, bayan an saye gidaje da gonakin mutane saboda layin jirgi mai tsananin gudu da ake kira HS2, Firaministan lokacin Rishi Sunak ya tashi a watan Oktoban 2023 ya soke ɓangaren da zai kai Manchester. Wanda aka raba da gidan da ya gina da guminsa, aka kuma ce masa jirgin ba zai bi ta nan ba, wa zai kai wa kukansa?

Batun fili ma haka. Layin Mumbai zuwa Ahmedabad a Indiya, kilomita 508, an aza harsashinsa a 2017, amma rigimar karɓar filaye ta ja shi shekaru. Ni ban ga laifin manomi ba. Mutum ya gaji gona daga ubansa, a zo da farin fenti a shata layi ta tsakiyarta, a ce diyya na nan tafe. Na ga irin wannan fentin a bangon gidajen da ke bakin hanyarmu. Mutanen sun daina gyara rufinsu don an ce za a rushe, ba a rushe ba, ba a biya su ba, damina tana ta zuba a kansu.

In kuwa layin zai tsallaka iyakar ƙasa, nan ne wankin hula ke kai mutane dare. Malesiya da Singafo sun sa hannu a 2016 kan layin da zai haɗa Kuala Lumpur da Singafo cikin minti 90. Gwamnati ta canja a Malesiya, aka fara kwan gaba kwan baya, ranar 1 ga Janairun 2021 yarjejeniyar ta mutu, har Malesiya ta biya maƙwabciyarta diyyar aikin da ba a yi ba. Wani wurin ma faɗin layin ƙasashe biyu maƙwabta ba ɗaya ba ne, jirgin wannan ba ya hawa ƙarfen wancan. In kuma an shawo kan wannan, amma aka tsayar da fasinja awa biyu a kan iyaka ana duba fasfo da kaya, to gudun da jirgin ya yi ya tashi a banza.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai ba ginshiƙan nan shida ba ne. A gefen wannan titin akwai tsohon layin dogo. Ina yaro na hau jirgi a kansa, a hankali yake tafiya amma yana kai mutum. Tun da aka fara waƙar jirgi mai tsananin gudu aka yi watsi da shi. Duk wanda ya tambaya sai a ce masa ai babu amfanin kashe kuɗi a kan tsoho tunda sabo na zuwa. Yanzu an sace ƙarafan wasu wurare, bishiyoyi sun tsiro a tsakiyar layin, rufin tashoshi ya zube. An karɓe na hannunmu da sunan za a ba mu wanda ya fi shi, aka bar mu hannu rabbana. Da an gyara wannan layin, an miƙe kwanoninsa, an sa masa jirgin da ke gudun kilomita 120 zuwa 160 a awa, da tafiyata ba ta wuce awa huɗu ko biyar ba, ina zaune, akwai banɗaki, akwai wurin miƙe ƙafa. Da tirelolin nan da ke farfasa titi suna kifewa a kan mutane sun ragu, don kayan da suke ɗauka tarago ne ya kamata ya ɗauka.

Ina son jirgi mai tsananin gudu, ina so in ga ranar da zan tashi daga aiki in kwana cikin 'ya'yana ba tare da na galabaita ba. Amma ku masu riƙe da al'amuran jama'a, ku fito ku faɗa mana nawa zai ci da gaske, daga ina kuɗin za su fito, wa zai biya bashin, kuma wace doka za ta hana wanda zai gaje ku ya yi fatali da shi. Ku biya masu filaye kafin ku shafa wa gidajensu fenti. Ku gama kilomita ɗari ɗaya mu hau, kafin ku zana mana taswirar da ta haɗe yanki duka. In kun san ba za ku iya ba, ku sauke allon nan, ku dawo mana da tsohon jirginmu.

Ƙarfe tara na dare muka shiga gari. Baba ya ba ni wayarsa in nemo masa lambar ɗansa, don idonsa ba ya gani sosai da dare. Ina ji yana cewa a je asibiti gobe a roƙa masa wata ranar, ko da nan da wata uku ne. Ni kuma na tarar da ƙaramar 'yata ta yi barci a bakin ƙofa da littafin makarantarta a hannu, wanda ta ce sai ta nuna mini. Ranar Lahadi zan sake bin hanyar nan in koma bakin aiki.