Hayakawa a Tokyo, Gaskiya a Zariya: shekara ɗaya suka tashi

A 1945, shekarar da Japan ta miƙa wuya bayan bam ya ƙone galibin Tokyo, wani mutum mai suna Kiyoshi Hayakawa ya kafa ƙaramin kamfanin ɗab'i a unguwar Kanda. A shekarar ce kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. Tunda na zo zama Japan nake kwatanta waɗannan biyun a raina, domin ɗayan har yau yana fitar da sababbin littattafai kowane wata, ɗayan kuwa sai dai a ba da labarinsa.

Hayakawa mai son wasan kwaikwayo ne, da mujallar wasan kwaikwayo ya fara a 1947. Sai a 1953 ya shiga harkar da ta yi masa suna: jerin littattafan aljihu na labaran kisa da binciken 'yan sanda, fassara daga Turanci da Faransanci, kowanne da lambarsa, gefen shafukan an rine su rawaya. Daga lamba 101 aka soma, kuma lissafin ya haura 1,900 ba a yanke ba. Idan ka shiga shagunan tsofaffin littattafai na Jimbocho za ka ga dattijo riƙe da takarda yana neman lambar da ta ɓace masa. A 1956 suka fara buga mujallar Ellery Queen, ta labaran bincike daga Amurka, da harshen Japananci, a ƙarshen 1959 kuma S-F Magazine ta fito, mujallar ƙagaggun labaran kimiyya, Masami Fukushima yana editanta.

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Da farko mujallar kusan duk fassara ce daga Amurka. Amma Fukushima bai tsaya a nan ba. A 1961 aka buɗe gasar rubutu, matasan da suka ƙoshi da karanta fassara suka fara aiko da nasu. Cikinsu har da Sakyo Komatsu, wanda labarinsa na nutsewar tsibiran Japan a teku ya sayar da miliyoyin kwafi a 1973. Wani kamfanin ne ma ya buga masa shi. Hayakawa ya yi noma, wani ya girbe, kuma hakan bai sa ya daina ba. Kaoru Kurimoto ta fara dogon labarinta a wurinsu a 1979, ta kai juzu'i 130 kafin rasuwarta a 2009. Shekara talatin marubuciya ɗaya da gidan ɗab'i ɗaya.

Mu ma fa mun taɓa hawa wannan hanya, har mun riga su. Gasar rubutu da Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya shirya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ga Hukumar Fassara, ga edita mai bibiyar rubutu, ga gasa. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, yaro ya yi tafiya sararin samaniya da Hausa, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata. To ina na biyu da na goma da na ɗari?

Ni a ganina bambancin daga tushe yake. Gidajen ɗab'inmu hukuma ce ta haife su, manufarsu yaƙi da jahilci da littattafan makaranta. Da NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, ta rushe a 1959, sai da aka jira kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Da tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980, masu ɗab'i suka rungumi littattafan da ake jarrabawa a kansu. Hayakawa kuwa ba shi da gwamnan da zai ba shi kwangila. In mai karatu bai saya ba, an rufe shago. Dole ya san mai karatunsa, ya ba shi abu mai kyau, a kan lokaci, wata bayan wata.

Wani zai ce ai marubutan Kano sun cike gurbin, kuma gaskiya ne sun yi ƙoƙarin da ya cancanci jinjina. Da kuɗin aljihunsu suka buga, suka kai kasuwa, suka sa matan aure da 'yan mata karatu fiye da yadda kowane shirin gwamnati ya iya. Sai dai marubuci shi ne edita, shi ne mai gyara, shi ne ɗan kasuwa. Babu mai ce masa babin nan ya yi tsawo, ko ka gwada labarin bincike mana. Littafin da ya ƙare a kasuwa ya tafi ke nan. Yanzu da rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad, masu karatu sun ƙaru, amma har yau babu gidan da zai fassara mana labaran binciken Agatha Christie ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Hayakawa ya tattara ayyukanta kusan juzu'i ɗari tun daga 2003.